Ga 'yar uwar da awaki suka cinye wa shuka

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Sannu, Allah Ya mayar miki da mafi alheri. Wallahi da na karanta tambayarki sai da na ajiye wayar na yi shiru, don ciwon da ke damunki shi ya taɓa kwantar da ni. Kin ce awakin unguwa sun shiga bayan ɗakinki sun share alayyahu da tumatir da kontomire (ganyen gwaza), kina neman abin da za ki fesa su daina zuwa.

Kada ki ɓata kuɗinki. Babu feshin da zai tsayar da akuya mai jin yunwa. Na ga wasu sun ce miki barkono da tafarnuwa, wani ya ce ruwan ganyen dogon yaro. Duk na gwada. Barkono yakan sa su ɗan ja baya, sai ruwan sama ya sauko ya wanke komai, su dawo kamar ba a yi ba. Mu nan Kumasi da muke da damina biyu, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, yaushe abin fesawa zai zauna a ganye? Dogon yaro kuwa ai cin sa suke yi idan rani ya matsa. Abu ɗaya da na ga ya ɗan yi aiki shi ne kashinsu. Ki jiƙa shi a bokiti ya narke, ki dama, ki shafa a jikin ƙananan itatuwa, don akuya ba ta son cin abin da ke warin kashinta. Amma wannan na itace ne kawai. Kada ki kai shi kan ganyen miya, balle latas da ake ci ɗanye. Shi ma ruwa na wanke shi.

Ni abin da ya same ni ya wuce alayyahu. Alayyahu ai mako huɗu ya sake fitowa. Marigayi maigidana, Allah Ya jiƙansa, ya dasa mangwaro mai aure a bayan gidanmu, can wajen Sawaba, a shekarar da ciwo ya kama shi. Yana zaune a kujera yake nuna wa yara inda za su haƙa ramin. Bayan rasuwarsa ni na ci gaba da kula da shi. Da hunturu, lokacin da famfo ke ɗaukewa, galan nake saye in raba, rabi na girki, rabi na bishiyar. Ta kai kafaɗata, ta fara reshe. Ran nan na tafi suna Aboabo, na dawo bayan la'asar, na tarar da ƙyauren baya a buɗe. Awaki sun cika wurin. Zogale a karye, ayoyo babu ko ganye ɗaya, ga wata tsaye da ƙafafun baya ta dafa mangwaron tana jan ɓawonsa. Sun zagaye shi kaf. Farin itacen na ciki a fili, da danshinsa, yana ƙyalli, ga sawun haƙora a jiki. Nan na zauna a ƙasa da kayan sunan a jikina.

Abin da ya fi ƙona min rai, ganyen bai bushe nan take ba. Ya zauna kore, ina ta murna, ina ɗaure wurin da tsumma, ina addu'a. Ashe ta ɓawo abinci ke sauka daga ganye zuwa saiwa, idan aka yanke shi zagaye saiwar ce ke mutuwa da yunwa a hankali. Don haka ki duba itatuwanki yau ɗin nan. In gefe ɗaya suka ɓare, zai iya warkewa, ki kāre shi kawai kada su ƙara taɓawa.

Na san mai awakin, gida biyu ne tsakaninmu. Na je da sallama, ban ɗaga murya ba. Mutumin nan yana zaune a kan benci bai ko gyara zama ba, ya ce, "To Hajiya, dabba ce, hankali gare ta? Wa ya ce ki yi gona a cikin gari?" Wallahi 'yar uwa har yau in na tuna maganar nan sai ƙirjina ya yi zafi. Ba kuɗinsa na je nema ba, nawa zai biya ni? Da ya ce Allah Ya ba ki haƙuri, da shi ke nan. Mutumin da ya tsaya a sahun jana'izar mijina. Matarsa kullum tana aiko yarinya a tsinko mata zogale, ban taɓa karɓar ko pesuwa ɗaya ba, ranar ko leƙowa ba ta yi ba. Washegari da sassafe kuma ya sake sakin su kamar yadda ya saba, na ji kukansu a bakin ƙofata. Yana sakin su ne don kada ya sayi dusa da ɓawon rogo, unguwa ta ciyar masa, shi ya sayar ya sa kuɗi a aljihu. Har yanzu muna gaisawa saboda Allah, amma zuciyata ba ta koma ba.

Na kai maganar wurin limaminmu. Ya karanta min ayar Suratul Anbiya, ta 78, inda Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu suka yi hukunci a kan gonar da tumaki suka yi wa ɓarna da dare. Ya kuma kawo hadisin raƙumar Bara'u ɗan Azib da ke cikin Muwaɗɗa: masu gona su tsare gonarsu da rana, abin da dabba ta ɓata da dare kuma yana wuyan mai ita. Nawa da rana ya faru. Na fita ina hawaye, ko da yake Malam ya kira shi ya yi masa faɗa sosai a kan haƙƙin maƙwabci. Ke ki lura da lokacin da suke shigo miki, ki ɗauki hoto da wayarki. Kuma dokar Asambili, wato hukumar gari, ta hana barin dabbobi suna yawo, ana kama su a tsare sai mai su ya biya tara. Ban bi ta nan ba saboda zaman tare, amma ki san hanyar tana nan. Ki fara da liman ko sarkin zangonku, kada ki je wurin mai awakin ke kaɗai kamar yadda na je.

Don girman Allah, duk wanda ya ce ki zuba maganin ɓera a dusa ki ajiye musu, kada ki saurare shi. Ni ma an ba ni wannan shawarar ina cikin zafin rai. Kaji za su ci, yaro na iya ɗauka, in akuyar ta mutu wani na iya yankawa ya sayar. Ita kuma ba ta san komai ba sai cikinta.

Shinge shi ne magani, ba wani. Waya mai ƙananan ramuka, kada ramin ya wuce santimita 10, in ya fi haka 'yan awaki na kutsawa, manya kuma su sa kai ƙaho ya maƙale, ki wayi gari da wata rigimar. Tsayi mita ɗaya da rabi. Gajerun awakinmu na nan kudu ba su cika tsalle mai nisa ba, su kutse suka iya da hawa, amma dogayen nan da ake kawowa daga arewa suna haurawa. Ki sa wayar ta gefen waje, turakun ta ciki, don suna son goga jiki, in suka jingina sai su tura ta kan turke maimakon su ɓalle ƙusa. Ƙasan kuma ki binne shi ko ki danne da buloki. Kada ki bar tulin yashi ko tsohuwar taya kusa da shingen, matakala kika yi musu. In kuɗin waya bai samu ba, ki je Sokoban wurin masu katako, ana samun ragowar da suka yanke da sauƙi, kafinta ya jera miki su kusa da kusa. Gora ma tana yi, sai dai gara na cin gindinta da wuri. Tsohon gidan sauro yana tare kaji, akuya kam keta shi take yi.

Ƙyauren fa! Nawa ta nan aka shiga, yara suka ɗebi ruwa suka bar shi. Yanzu na ɗaura masa robar tiyub ɗin mota, da an saki yake rufe kansa, ga sakata can sama.

Cinidazugu ma ki dasa a jikin shingen da farkon damina, reshe kawai ake yanka a soka, ba sa cin sa. Amma 'ya'yansa guba ne, yara kuma na ɗaukarsu kamar gyaɗa, in kina da ƙanana ki riƙa tsinke su tun suna ɗanye. Ƙanena da ke noma wajen Ejisu shi gyazbi ne ke yanke masa masara, ya ce har gara nawa, aƙalla na san ƙofar da zan buga. Ban ga garar ba.

Ki yi ƙoƙari ki gama kafin Disamba, in hunturu ya shigo ciyawa ta bushe, korenki kaɗai za su hango a unguwar. Haka ma gab da Babbar Sallah, lokacin da raguna ke cika kowane lungu. Ba ki faɗa ba, gidan naku ne ko na haya? In na haya ne, ki nemi izinin mai gida kafin ki kafa turke, in ya ƙi ki koma shuka a buhu ki ɗora kan tebur mai tsayi a tsakar gida. Ki turo min hoton wurin in ga ta ina suke shiga.