Amsar tambayarka kan hannun hagu a aljihu

Ɗana na ga saƙonka, kace maigidanka ya kafa maka doka in dai za'a buɗe injin ozon, iskar nan da ake tsaftace ruwa da ita, na gidan fiya wata to hannun hagu a aljihu, a cire zobe da agogo, kuma ko an zare filog ba'a taɓa komai sai an zubar da wutar da ta rage a ciki, kana tambaya wai camfi ne ko kuwa al'adarmu ta ƙin hagu ce ta biyo mu har shago. To ba ko ɗaya bane. Ai da bahago ne kai, hannun dama zai ce ka sa a aljihu. Magana ce ta hannu ɗaya kawai, mu ma haka muka taras, kuma Bature da ɗan Sin da suka ƙera injin su ma haka suke yi.

Bari in bi da kai yadda wutar take tafiya sai ka gane. Wutar NEPA tana shigowa bolt 230, dayod guda huɗu su miƙe ta ta riƙa bin hanya ɗaya, ta taru a manyan kafasiton nan baƙaƙe da kake gani a tsaye kan bod, a nan ta kai kusan bolt 325. Daga nan transistoci, IGBT ko MOSFET, suna kunnawa suna kashewa sau dubbai a sakan ɗaya suna tura wa taransifoma, ita kuma ta ɗaga ta zuwa dubban bolt, wani injin har ya haura 10,000. Tsofaffin injina babu duk wannan, taransifoma ce ƙatuwa mai nauyin tsiya da ke aiki kai tsaye da wutar layi, shi yasa na yanzu suka fi ƙanƙanta kuma suka fi fidda ozon, amma kuma sun fi saurin fushi in wuta tana hawa da sauka irin tamu. Wutar nan bututu take zuwa, ƙarfe biyu da gilashi ko tangaran a tsakani da ɗan siririn rata inda iska ke bi, gilashin shi ke hana ta yin tartsatsi ɗaya babba sai ta watsu ƙanana ƙanana, wannan shuɗin hasken da kake hangowa in an kashe fitila, shi ke fasa oksijin ya haɗu ya zama ozon. Wani injiniya mai suna Siemens ne ya fara haɗa irin bututun nan a Jamus a 1857, zuwa 1906 garin Nis na Faransa har sun fara tsaftace ruwan shansu dashi, kaga ba jiya aka fara ba balle ace dokokin wani ne ya zauna ya ƙirƙira.

Toh kafasiton nan shi ne mugun. Ka zare filog, fanka ta tsaya, fitila ta mutu, amma shi yana nan riƙe da kayansa kamar garwashi a cikin toka. Akwai ɗan resista da aka sa don ya tsotse wutar a hankali, to in ya ƙone fa? Ba zai gaya maka ba. Shi yasa ake zubar da ita da resista ko ƙwan fitila sannan a auna da mita a ga ta sauka, ba da sukundireba ba yadda yaran yanzu ke yi don su ji tau, wannan yana lalata kafasiton ne kawai. Kuma mitarka ta bolt 600 ce ko 1,000, kar ka kuskura ka kai ta ɓangaren bututu.

Shi kuma hannu, in ka dafa akwatin ƙarfe da ɗaya ka taɓa waya da ɗaya wutar ta ƙirjinka zata bi, kuma zuciya bata buƙatar mai yawa, na'urar kariya da ake sawa a gidaje ma a miliamf 30, wuta 'yar kaɗan kenan, take yanke wuta. Ga ƙasan gidan fiya wata kullum a jiƙe, don haka takalmin roba dole ne. Kuma babbar wuta bata jiran ka taɓa ta, kowane bolt 3,000 yana iya tsallake kusan milimita ɗaya na busasshiyar iska, zoben azurfar nan naka kiranta yake yi.

Wankin bututu da shanya silika, ƙwayoyin nan masu tsotse laimar iska, da kake ƙorafin an bar ka dashi, wallahi nan ne rabin sana'ar. Iska mai laima in ta shiga bututun, musamman da damina, asid take haifarwa ya ci ƙarfe, gilashi ya tsage, wuta ta haɗu ta kashe transistoci, sai kaga mutum ya canza su yau jibi sun sake ƙonewa yana zagin mai sayar da kaya alhalin bai ko leƙa bututun ba. Silikar in ta tashi daga shuɗi ta koma ruwan hoda ta ƙoshi kenan. Mafi yawan wutar da injin ke sha ma zafi take zama ba ozon ba, fanka ko ruwan sanyaya in ya tsaya aiki ya tsaya.

Abu ɗaya ne a al'adar tamu ban yarda dashi ba, wato kai hanci bakin tiyo a shinshina wai a ji ko injin na fitarwa. Ko maigidanka yana yi kai kar ka yi, amma kar ka gyara masa a gaban mutane. Ozon yana ƙona huhu, a Amurka iyakar da aka yarda ma'aikaci ya shaƙa cikin awa 8 kashi 0.1 ne cikin miliyan, kuma hanci yana sabawa da warin ka ɗauka babu alhalin ɗakin ya cika. A buɗe taga, a gwada ruwan da abin gwaji. Ka gaishe min da maigidan naka, kuma in ka zo gida ka taho da hoton bod ɗin in ga wane iri ne.