Shawarar Lauya: Takardar fahimtar juna ba za ta tsare muku gandun daji ba

Tambaya: Ni malami ne a sashen nazarin gandun daji da namun daji na wata jami'ar tarayya. Ma'aikatar Muhalli ta jiharmu ta nemi mu haɗa hannu wajen farfaɗo da wani gandun daji da masu saran itace da masu gawayi suka kusa gamawa da shi. Mu za mu kawo masu bincike da ɗalibai da tallafin wata ƙungiyar ƙasar waje, su kuma su ba da fili da malaman daji. An rubuta takardar fahimtar juna wadda shugaban tsangayarmu da Kwamishina za su sa wa hannu. Shin wannan ya wadatar?

Amsa: Malam, bai wadatar ba. Takardar fahimtar juna, a mafi yawan lokaci, bayanin niyya ce kawai, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a 2017 a shari'ar kamfanin BPS Construction da Hukumar Raya Babban Birnin Tarayya, inda ta yanke cewa irin wannan takarda ba ta ɗaure kowa muddin ɓangarorin biyu suna jiran a ƙulla cikakkiyar yarjejeniya daga baya. Ke nan idan sabon gwamna ya zo ya raba dajin ga manoma, ba ku da abin riƙewa a gaban alƙali. Kada kuma a dogara da sashe na 20 na Kundin Tsarin Mulkin 1999, wanda ya ɗora wa gwamnati nauyin kare muhalli da dazuzzuka, domin yana cikin babi na biyu, wanda sashe na 6(6)(c) ya hana kotu tilasta aiki da shi kai tsaye.

Masu sa hannun ma akwai gyara. Tsangaya ba ta da matsayin da za ta ƙulla yarjejeniya ko ta shigar da ƙara da sunanta. Jami'ar ce ke da wannan matsayi bisa dokar da ta kafa ta, don haka sai Majalisar Gudanarwa ta amince, Shugaban jami'a da Magatakarda su sa hannu, a buga hatimi. A ɓangaren gwamnati, a yi yarjejeniyar da sunan Gwamnatin Jiha, bayan Ma'aikatar Shari'a ta tantance kuma Majalisar Zartaswa ta amince a rubuce.

Kafin duk wannan, ku tabbatar da wanda dajin yake hannunsa. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha ga gwamna a matsayin amana, amma gandun daji na ƙasa lamarin tarayya ne, ƙarƙashin Hukumar Kula da Gandun Dazuzzukan Ƙasa. Matsayin daji kuma yana sauyawa: Yankari ya zama na ƙasa a 1991, sannan aka mayar wa Jihar Bauchi a 2006, kuma a 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince da ɗaga wasu dazuzzuka 10 zuwa matsayin na ƙasa, ciki har da Falgore a Kano da Kogo a Katsina. Ku nemi jaridar gwamnati da aka ayyana gandun a cikinta, tare da taswirar iyakokinsa. Wannan jarida ce kan nuna haƙƙoƙin da aka bar wa mutanen yankin tun farko, kamar ɗibar itacen girki, cirar zuma, ko bin burtali zuwa mashaya.

A nan ne nake ganin mafi yawan irin waɗannan ayyuka ke tuntuɓe. Idan shirinku zai faɗaɗa gandun zuwa gonakin da mutane ke nomawa, gwamna zai iya soke haƙƙinsu a ƙarƙashin sashe na 28 na Dokar Amfani da Filaye, bisa dalilin amfanin jama'a kuma bayan an ba su sanarwa, sashe na 29 kuma ya wajabta diyya a kan amfanin gona da gine-gine. A rubuta ƙarara cewa biyan diyya da kama masu laifi aikin gwamnati ne, domin jami'a ba ta da ikon kama kowa, kuma ɗalibin da ya ƙwace gatarin wani zai iya jawo muku ƙara. Ina ba da shawarar a ba hakimi da dagatai da wakilan makiyaya da na mata masu sana'ar itace kujeru a kwamitin gudanarwa, da ƙuri'a irin ta kowa.

Zaɓinku biyu ne. Ko dai ku yi yarjejeniyar kula da daji ta haɗin gwiwa mai wa'adi, kamar wadda gidauniyar Africa Nature Investors ta ƙulla da hukumar gandun dazuzzuka a 2017 a kan gandun dajin ƙasa na Gashaka-Gumti na tsawon shekara 30, ko kuma ku yi wa wata gidauniya ta daban rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, mai asusunta da amintattunta daga ɓangarorin biyu. Tunda akwai kuɗin waje, na fi karkata ga haɗa su biyun, domin masu ba da tallafi sun fi natsuwa da asusun da ba ya gauraya da baitulmalin jiha.

Kowanne kuka ɗauka, a fayyace mai mallakar sakamakon bincike da 'yancin wallafa shi ko da bai yi wa gwamnati daɗi ba. Idan abokan aikinku za su fita da iri, ganye ko jinin dabba zuwa ƙasarsu, ƙa'idojin 2009 na NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, sun buƙaci izini da amincewar al'umma da tsarin raba amfani, dabbobin da ke fuskantar ƙarewa kuma sai da takardar izinin CITES, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar ƙarewa, daga Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya.

Game da saɓani, ku sa sharaɗin sasanci ƙarƙashin dokar sasanci ta 2023, da wa'adin sanarwa kafin kowane ɓangare ya janye, da makomar motoci da kayan aiki idan an rabu. Ku sani kuma cewa cin nasara a kotu daban, karɓar kuɗi daban, domin doka ta buƙaci amincewar Antoni Janar kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati. Saboda haka ku nemi jihar ta zuba kasonta na kowace shekara a asusun aikin tun farkon shekara, kuma a rubuta cewa jami'a na da damar dakatar da aiki idan ba a zuba ba. Ku kai daftarin ga sashen shari'a na jami'arku kafin a tsayar da ranar bikin sa hannu.