Sito ya cika, shaguna kuma kaya sun yanke

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon kayan masarufi a Kano, ƙanena yana riƙe da na biyu, muna kuma shirin buɗe na uku bayan sallah. Da daddare nakan buga wani wasan kasuwanci a kwamfuta mai suna Big Ambitions. A cikinsa na kama sito, na sayi mota, na ɗauki direba, amma sai ga sito ya cika maƙil, kuɗina sun ƙare, shagunan kuma kullum akwai kayan da suka yanke. Abin ya ba ni tsoro, domin irin wannan tsarin nake son yi a zahiri. Ina kuskuren yake, kuma akwai abin da wasa zai koya wa ɗan kasuwa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya sa albarka a nema. Tsoron da ka ji yana kan hanya, domin abin da ya same ka a kwamfuta shi ne yake karya 'yan kasuwa da yawa a lokacin da suka tashi daga shago ɗaya zuwa uku. Wasan da kake bugawa wani ƙaramin kamfani na ƙasar Denmak mai suna Hovgaard Games ne ya fitar da shi a 2023, aka gina shi a kan birnin New York na Amurka. Kaya suna fitowa daga hannun masu shigo da su, su sauka a sito, direba ya kwashe su ya rarraba wa shaguna bisa adadin da ka tsara. Garin ba namu ba ne, kayan ma ba namu ba ne, amma lissafin da ke ƙarƙashi ɗaya ne da na mai saro taliya da sukari a Kasuwar Singa.

Cikar sito da yankewar kaya a shago ciwo ɗaya ne. Kana sayen kaya ne gwargwadon faɗin sito, ko gwargwadon arahar da ka gani, ba gwargwadon abin da ke fita daga shago ba. Shi ya sa kayan da ba sa tafiya suka cinye wuri suka cinye kuɗi, masu tafiya kuma aka rasa abin sake saro su. Duk katan ɗin da ke kwance a sito kuɗinka ne da ka ɗaure, kuma kana biya masa haya da mai gadi yana kwancen.

Kafin ka ba da odar kowane irin kaya, sai ka san abu biyu. Nawa ke fita a rana, kuma kwana nawa kayan ke yi tsakanin ranar da ka yi oda da ranar da suka shiga sito. A ce shagunanka uku suna sayar da taliya katan 20, da 12, da 8 a rana, jimla 40. A ce kuma daga oda zuwa saukar kaya kwana 7 ne. To a cikin kwanakin jiran nan za ka sayar da katan 280. Ka ƙara na ko-ta-kwana, misali na kwana 3, wato katan 120. Ranar da taliyar sito ta sauko zuwa katan 400, ranar za ka yi oda, ko da idonka na gaya maka har yanzu akwai kaya. Mafi yawan mutane suna jira sai sun ga ƙasan sito, alhali a lokacin sun makara da mako guda.

Kayan ko-ta-kwanan nan su ne inda ake yawan wuce gona da iri. Yawansu ya danganta da yadda ciniki ke hawa da sauka, da kuma yadda mai kawo maka kaya ke cika alkawari. Wanda dilansa ke cikin gari, ya kira da safe a kawo da yamma, ba ya bukatar tara na mako biyu. Wanda kayansa ke tasowa daga Legas, tafiyar kusan kilomita dubu a tirela, shi ne mai bukatar ajiya mai kauri. Nan ne kuma amfanin sito ɗaya yake fitowa: idan kowane shago zai riƙe nasa na ko-ta-kwana, sai ka ɗaure kuɗi a wuri uku, amma idan suna wuri ɗaya, ranar da wannan shagon ya yi ciniki da yawa wancan bai yi ba, ajiya ɗaya ta ishe su duka. Idan sitonka bai rage jimlar kayan da kake riƙewa ba, to bai yi aikin da aka kama shi dominsa ba.

A cikin wasan, ka koma kan tsarin rarrabawar ka duba adadin da ka sa wa kowane shago. Na fi zaton adadi ɗaya ka sa musu duka, alhali cinikinsu ba ɗaya ba ne. Ka buɗe bayanan cinikin kowane shago na mako guda, ka fitar da abin da yake sayarwa a rana, ka sa masa abin da zai kai shi zuwa saukar kaya na gaba da ɗan ƙari. Ka kuma tabbata shagon yana da kantocin ajiya da za su ɗauki adadin, kuma an haɗa direban da motarsa. Sau da yawa kayan suna nan a sito, umarnin fitar da su ne babu.

Akwai wani darasi da ya fi wannan zurfi, kuma shi ma ta hanyar wasa aka fi koyar da shi. A farkon shekarun 1960, a jami'ar MIT ta Amurka, daga aikin wani malami mai suna Jay Forrester, aka ƙirƙiro wasan rarraba kaya da har yau ake buga shi a makarantun koyon kasuwanci. Ana zaunar da mutane a matsayi huɗu: mai shago, ɗan sari, babban dila, da masana'anta. Kowa yana yin oda daga na sama da shi, kayan kuma ba sa isowa sai bayan jinkiri. Mai gudanar da wasan yana ƙara bukatar masu saye sau ɗaya tak, daga akwati 4 zuwa 8 a mako, ya bar ta a haka har ƙarshe. Abin da ke faruwa kusan kullum shi ne mai shago ya ga kaya sun yi ƙasa ya yi oda, kaya ba su iso ba ya ƙara oda, ya manta da wadda ke kan hanya. Ɗan sari ya ga oda ta ninka, shi ma ya ninka tasa. Kafin abin ya kai masana'anta ya zama tashin hankali. Daga baya duk ododin su sauko lokaci guda, kowa ya cika da kayan da ba mai saye. Manyan manajoji ma suna faɗawa wannan ramin idan aka zaunar da su.

Masana suna kiran wannan tasirin bulala, domin ɗan motsin hannu ne ke zama babban kaɗawa a bakin bulalar. Kamfanin Procter & Gamble ya lura da shi a kan Pampers: jarirai suna amfani da shi daidai gwargwado, amma odar da ke zuwa daga diloli tana hawa da faɗuwa sosai. Hau Lee na jami'ar Stanford da abokan aikinsa suka yi bayaninsa dalla-dalla a 1997. Kai ma ka san shi ba tare da sunan ba. Ka tuna yadda sukari da madara da man girki suke yi gab da azumi: kowa ya ji ana cewa kaya za su yi wuya, kowa ya sara fiye da bukatarsa, bayan sallah kuma a wayi gari da kwantai. Maganinsa shi ne duk lokacin da za ka yi oda, ka haɗa abin da ke sito da abin da ke kan hanya, sannan ka kwatanta da adadin nan naka na 400. Kuma sito ya riƙa duba abin da shago ya sayar, ba abin da yaron shago ya roƙa ba, domin yaron da aka taɓa yi wa faɗa a kan yankewar kaya zai riƙa neman ninki.

Sai batun nawa za a saro a lokaci guda. Tun 1913 wani injiniya Ba'amurke, Ford Harris, ya fitar da lissafin da ke auna wahalar yawan oda da kuɗin ajiye kaya masu yawa. Ba sai ka haddace lissafin ba, abin da ke cikinsa kawai za ka riƙe: rangwamen da ake yi maka don ka sayi da yawa yana da farashi. A ce kana da Naira miliyan 5 da ke juyawa duk wata da ribar kashi 5 cikin 100, wato 250,000. A wata huɗu ka samu miliyan ɗaya. Idan dila ya rage maka kashi 3 ka zuba kuɗin duka a kayan da za su yi wata huɗu kafin su ƙare, abin da za ka samu wajen 400,000 ne, wato ribar juyi ɗaya da ragin da aka yi maka. Ka ji daɗin ragin a ranar saye, ka yi asarar juyi uku.

Na san za ka ce a Najeriya kaya suna tashi suna kwance. Gaskiya ne, a 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100, wanda ya riƙe kaya ya ga kamar ya ci riba. Amma da ya je sake sarowa ya tarar da sabon farashi na jiransa, kuma a 2025 farashin hatsi ya sauko, waɗanda suka tara suka ji a jikinsu. Ajiye kayan da shagunanka za su sayar daban, ɓoye abinci don jiran tsada daban, kuma ka san abin da malamai suka faɗa a kan na biyun. Wasan ba zai nuna maka irin wannan juyin farashi namu ba, don haka kada ka ɗauki hukuncinsa a wannan babin.

Game da mota, ina ganin ka yi gaggawa a wasan, kuma ina roƙonka kada ka yi ta a zahiri. Kuɗin tafiya ɗaya, da mai da direba da 'yan dako, kusan ɗaya ne ko motar ta cika ko ba ta cika ba. A ce tafiyar ta ci 30,000. Da katan 300, kowane katan ya ɗauki Naira 100. Da katan 100, ya ɗauki 300, kuma idan ribarka a katan 250 ce, ka yi wa kanka dako a kan faɗuwa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 wannan lissafin ya ƙara tsanani. Shaguna uku a gari ɗaya ba su kai su riƙe mota da direba na wata-wata ba. Ka tsayar da ranaku biyu a mako, ka ɗauki shatar a-kori-kura, ka jera shagunan a hanya ɗaya, kayan shagon ƙarshe su fara shiga mota. Abin da ya taso na gaggawa, babur mai ƙafa uku ya isa.

Abin da kwamfuta ba za ta koya maka ba shi ne halin kaya da halin mutane. A allo lambar da aka rubuta ita ce abin da ke sito. A zahiri akwai ɓera, akwai danshin damina da ke cin ƙasan buhu idan ba a ɗora shi a kan katako ba, akwai wa'adin da ke jikin katan, akwai gobara irin wadda ta cinye Kasuwar Sabon Gari a 2016. Kayan da suka fara shiga su fara fita, kuma hakan ba ya yiwuwa sai an jera sababbi a baya, abin da 'yan dako ba za su yi ba sai an tsaya a kansu, domin bakin ƙofa ya fi musu sauƙi.

Sannan rubutu. Kada katan ɗaya ya bar sito ba tare da takarda ba: mai sito ya sa hannu, direba ya sa hannu, mai karɓa a shago ya ƙirga ya sa hannu. Wannan ya haɗa da ƙanenka, kuma ka gaya masa tun yanzu cikin mutunci cewa ba zargi ba ne, kai ma za ka sa hannu idan ka ɗiba. Zumunci ya fi lalacewa a inda babu rubutu, domin ranar da lissafi ya ƙi fita ba wanda zai iya wanke kansa. Ba sai ka rufe sito kana ƙirga komai kowane mako ba. Kayan nan ƙalilan da suka fi cin kuɗinka, wataƙila shinkafa da sukari da mai, su za ka ƙirga duk mako da idonka, sauran kuma duk wata.

A ganina kada ka kama sito daban a yanzu. Ka ware ɗakin baya na shagon da ya fi girma, ka ba shi littafinsa da makullinsa, ka yi wata uku kana tafiyar da shi kamar sito. Idan wurin ya yi kaɗan bayan ka fitar da kwantai, lokacin ne hayar sito za ta biya kanta. Wasan kuma ka mai da shi wurin gwaji: ka ajiye shi a wani matsayi, ka canza abu ɗaya kacal, misali ka rage odar kayan da ba sa tafiya zuwa rabi, ka buga mako biyu na cikin wasan, ka ga abin da ya faru da kuɗin hannunka. Daga gobe kuma ka sa kowane shago cikin biyun ya riƙa rubuta adadin katan ɗin da ya fita a rana na manyan kaya goma, tare da ranar da aka yi oda da ranar da kaya suka sauka. Idan ka tara na wata ɗaya ka aiko mini, sai mu fitar da adadin odar kowane kaya kafin ka biya hayar shago na uku.