Ina haɗiye fushi a waje, in zo gida in sauke a kan yara

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce, ina da 'ya'ya uku. A makaranta da gidan surukai duk abin da aka yi mini haɗiyewa nake yi, ban taɓa ɗaga murya ba. Amma da na dawo gida, yaro ya zubar da shayi ko ya ɓatar da takalmi, sai in rufe shi da faɗa, wani lokacin har da duka. Daga baya in shige ɗaki in yi ta kuka. Kowa cewa yake in ƙara haƙuri. Haƙurin ne ya yi mini kaɗan, ko wani abu ne ke damuna?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Abin da kike yi tun safe har la'asar danne fushi ne, kuma dannewa daban take da sarrafawa. Mai dannewa fuska kawai take gyarawa, wutar na nan tana ci a ciki. Shayin da yaro ya zubar bai kai ya jawo duka ba, ke ma kin sani. Haushin kaza ne ake hucewa a kan dami, domin gida ne kaɗai wurin da ba kya jin tsoron abin da zai biyo baya.

A 1998 masanin halayyar ɗan Adam James Gross na Jami'ar Stanford a Amurka ya nuna wa mutane fim mai tayar da hankali. Ya umarci wasu su ɓoye abin da suke ji, wasu kuma su sauya yadda suke kallon abin. Masu ɓoyewa fuskarsu ta natsu, amma abin da suke ji bai ragu ba, na'ura kuma ta nuna jikinsu ya fi na kowa tashi. Masu sauya kallo su ne suka sami sauƙi. Don haka koyon sarrafa fushi kula da lafiyarki ce, kafin ma a zo maganar yara.

Idan ranki ya ɓaci, wani ɗan sashe a cikin ƙwaƙwalwa mai suna amigdala ne ke fara kaɗa ƙararrawa. Jiki ya saki sinadarin adiranalin, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya gajarce, tsokoki su ɗaure. Sashen da ke bayan goshi, wanda ke auna magana kafin ta fita, aikinsa kan raunana a wannan lokacin. Shi ya sa nasiha ba ta shiga kunnen wanda ya riga ya hau. Daga jiki ake farawa, tunani ya biyo baya.

Ki fara da gano alamarki ta farko. Wata zafi take ji a wuya, wata cije haƙora take yi, wata hannunta ne ke rawa. Ki ɗauki mako guda kina lura, kina auna fushin daga 1 zuwa 10. A mataki na 4 ko 5 ake taro shi. Idan ya kai 8 ya riga ya ƙwace.

Da kin ji alamar, ki ja numfashi ta hanci kina ƙirga 4, ki fitar ta baki a hankali kina ƙirga 6, kamar mai hura koko mai zafi. Sau 12, minti biyu ke nan. Sirrin yana wajen fitarwar, domin lokacin da iska ke fita a hankali ne bugun zuciya ke sauka. Kuskuren da aka fi yi shi ne zuƙar iska da yawa da sauri, sai jiri ya kama mutum ya ce abin ba ya aiki. Kuskure na biyu, jira sai rai ya ɓaci kafin a gwada. Ki riƙa yi sau biyu a rana kina cikin natsuwa, misali bayan sallar asuba da bayan isha, har jiki ya saba.

Idan numfashin bai wadatar ba, ki bar wurin. Ki tabbatar ƙaramin yana inda ba zai ji ciwo ba, nesa da murhu da ruwan zafi, ki ce wa manyan: "Raina ya ɓaci, zan dawo mu yi magana." Ki ba kanki aƙalla minti 20, domin jikin da ya tashi ba ya sauka nan take. Hadisin da Abu Dawud ya ruwaito ya ce wanda ya yi fushi yana tsaye ya zauna, in bai tafi ba ya kishingiɗa. Ruwan sanyi a fuska ma yana rage gudun zuciya, don haka alwala na taimakawa ta nan ma.

A nan ne da yawa ke ɓata aikin: su shiga ɗaki su zauna suna tisa maganar, "ta ce mini kaza, da na sani na ce mata kaza." Wannan ƙara wa wuta itace ne. Haka ma shawarar nan ta cewa a daki matashin kai ko a yi ihu don fushi ya fita. Binciken da masanin halayyar ɗan Adam Brad Bushman ya wallafa a 2002 ya nuna waɗanda suka yi ta dukan buhun 'yan dambe suna tunanin wanda ya ɓata musu rai sun fi waɗanda suka zauna shiru kawai fushi daga baya. A cikin minti 20 ɗin ki ba hannunki aiki: ninke kaya, tsince shinkafa, shara.

Bayan kin sauka, ki kira abin da sunansa. "Raina ya ɓaci" ya yi faɗi da yawa. Gajiya ce? Kunya ce, don shugaban makaranta ya yi miki gyara a gaban ɗalibai? Ko jin an raina ki ne? Kowanne maganinsa daban. Gajiya barci take so. Raini kuwa magana yake so, da wanda ya yi shi, a keɓe, cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, idan akwai gyara ina roƙon a kira ni ofis." Muddin ba a faɗi irin wannan a waje ba, yaran ne za su ci gaba da biya.

Ki duba lokacin da abin ya fi faruwa. Idan da dawowarki ne, ga yunwa ga zafin rana, ki kafa doka: minti 10 na farko naki ne, ki sha ruwa, ki sa wani abu a ciki kafin a kawo miki ƙara. Babban mutum na buƙatar barcin awa 7 ko fiye, kuma goro da kofi da shayi mai kauri da yamma suna cinye shi.

Ranar da kika kuskure, ki koma wurin yaron ki durƙusa daidai tsayinsa: "Na yi maka ihu, ban kyauta ba. Gobe ka riƙe kofin da hannu biyu." Kada ki ƙara da "ai kai ka ja." Wannan ba ya zubar da girman uwa, kuma daga nan yake koyon yadda ake gyara kuskure.

Kukan da kika ambata ya sa dole mu ƙara wannan. Idan kin kai mako biyu kusan kullum cikin ƙunci, abin da kike so a da ya fita ranki, barci ko cin abinci ya rikice, ki ga likita, musamman in ba ki daɗe da haihuwa ba. Idan saurin fushin ya zo da rama, yawan gumi da bugun zuciya, a gwada miki ƙwayar maƙoshi da ake kira tayirod. Idan dukan ya fara barin tabo, ko tunanin cutar da kanki ya zo miki, kada ki jira mako biyu, ki je a ranar tare da wadda kika amince da ita. Asibitocin koyarwa suna da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai kuma asibitocin tarayya na wannan fanni a Kaduna, Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato.