Ladabin musayar ƙyallaye: amsa ga mai shiga karon farko

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, barka da shigowa cikinmu. Kin ce an sa ki a musayar wannan watan, kowa za ta kawo ƙyalle 20 mai inci 5 ta kowane gefe don ɗinkin haɗe-haɗe na zanin gado da bargo, kina da buhun ragowar yadi a shago, kina tambaya ko za ki tsinto daga ciki, ko sai kin wanke, da kuma abin da ke ɓata wa mutane rai. Na daɗe ina shiga musaya, na kuma sha riƙe ta. Abin da nake faɗa wa kowace sabuwa shi ne: ki aika ƙyallen da wadda ya faɗo wa za ta ɗora a keke kai tsaye, ba sai ta zauna gyaransa ba.

Mu fara da buhun nan. Na wa ne abin da ke ciki? Idan ragowar atamfar da kika saya ce, bismillah. Idan kuwa ragowar ɗinkin mutane ce, amana ce a hannunki har sai mai ita ta ce ta bar miki. Yawanci in kin tambaya za a ce "ɗauki mana", to ki tambaya ɗin. Na taɓa ganin wata ta gane atamfar ankon gidansu a jikin zanin gadon da aka ɗauki hotonsa, alhali telarta ta ce mata babu abin da ya rage. Maganar ba ta yi daɗi ba, kuma wadda ta ɗinka zanin ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Zanin da aka riga aka ɗaura kuma kada ya shigo ko da yana da kyan gani, don ya riga ya yi laushi, zai riga sauran yagewa.

Sai irin yadin. In an ce auduga, to auduga zalla ake nufi. Kasuwa yanzu cike take da atamfa mai roba, a Kantin Kwari ma sai kin sa hannu kin taɓa kafin ki tabbatar. Gwajin ba wuya: yanki ɗan zare ki kusanta shi da ashana. Auduga tana ci kamar takarda ta bar toka mai laushi, roba kuwa narkewa take ta dunƙule ta yi tauri. Dalilin tsanantawa shi ne dutsen guga. Ɗinkin haɗe-haɗe kowane layi sai an danne shi da wuta mai zafi, ƙyalle ɗaya mai roba a tsakiya zai yamutse ya ja na kusa da shi. Leshi, shadda mai maiƙo da yadin labule duk a bar su sai an yi musayarsu daban.

Maganar wanki, ki bi abin da uwar musaya, wato mai tattara ƙyallayen ta rarraba wa kowa, ta ce, domin ko a Amurka da wannan sana'a ta yi ƙarfi, masu yi sun rabu biyu a kai. Ni dai ina tare da masu wankewa, musamman a kayanmu. Auduga tana tsukewa a wankin farko, ja da shuɗi kuma suna zuba, balle rinin baba irin na Ƙofar Mata. Ki jiƙa farin ƙyalle ki goga a jikin yadin, in ya ɗauki launi ki ci gaba da ɗauraya har ruwan ya fito fes, in ya ƙi dainawa ki ajiye shi a gida. Ki tuna mace za ta yi makonni tana haɗa bargo, ranar wankin farko jan ƙyallenki ya malala kan fararenta. Wannan ba ya gyaruwa. Kuma a wanke kafin a yanka, don ƙaramin ƙyalle in ya shiga ruwa bakinsa zazzarewa yake.

Awo shi ne inda aka fi samun saɓani. Inci 5 ba ya nufin "kusan 5". Ana cin kwatan inci a kowane gefe wajen ɗinki, ƙyallen ya koma inci 4 da rabi a jikin bargo. In naki ya gaza da kwata, kusurwoyin ba za su haɗu ba, sai dai a yar da shi ko a rage duk sauran. Ki goge yadin tukuna, ki yanki kwali mai kauri daidai awon, ki zana da alli ki bi. Ki bi tsayin zare, kada ki yanka a karkace don ki ci riba, zai miƙe a ƙarƙashin allura. Bakin atamfa mai rubutun kamfani a cire shi. Wani abu da ba a cika lura da shi ba: atamfarmu tana da manyan zane, fure ɗaya kan fi tafin hannu biyu, in kika yanka inci 5 sai wata ta samu fure, wata ta samu fili babu komai. Ki zaɓi mai ƙananan zane, ko ki daure ki yanko inda adon yake ko da yadin zai ɗan yi asara.

Kada ki turara ƙyallayen. Na san karamci ne a wurinmu, amma akwai masu asma, kuma ƙamshin yana kama duk ƙunshin.

Lokaci kuma, abin kamar adashi ne: uwar musaya ba za ta raba ba sai na kowa ya iso, mutum ɗaya ta makara ta tsayar da kowa. Uzuri yana samun kowa, haihuwa, rashin lafiya, rasuwa. Ki faɗa da wuri a nemi mai maye gurbinki. Abin da ke ƙona rai shi ne a yi ta kira ki yi shiru. In kin san aikin Sallah zai danne ki, kada ki sa suna cikin azumi. Wajen aikawa ki sa a leda ki ɗaure saboda damina, ki saka takarda mai sunanki da yawan ƙyallen, ki biya kuɗin mota tun daga tasha, ki tura wa uwar lambar direba. Ba daidai ba ne ta yi hidimar rarrabawa kyauta sannan ta biya kuɗin saƙonki.

Idan naki rabon ya iso, ki sanar a ranar, ki yi godiya. Za ki ga launin da bai kwanta miki ba, wannan dole ne, kuma sau da yawa shi ne yake tayar da bargon in an haɗa. In kuwa aibi ne na gaske, awo bai cika ba ko roba ce, ki samu uwar musaya ke da ita, kada ki ɗora hoto a gaban jama'a, don galibi sabuwa ce da ba a yi wa bayani ba. Ki ƙara ƙyalle biyu a kan 20 ɗin, ko za a samu wanda almakashi ya ci. Allah ya sa albarka a hannu, in kin yanka na farko ki auna ki turo mu gani kafin ki yanka sauran.