Digirin digirgir a waje: fara da neman malami

Ɗan'uwa, ka tambaya ta ina ake fara neman digirin digirgir a ƙasar waje. Fara da malamin da zai duba bincikenka, domin a Ingila da Jamus yawanci sai wani farfesa ya amince da kai tukuna. Karanta maƙalunsa biyu ko uku, ka tura masa gajeren imel da ke nuna inda tunaninka ya haɗu da aikinsa. Wasiƙar da aka watsa wa kowa, tun layin farko ake gane ta.

Amurka daban ce: kwamiti ke zaɓa, galibi ana rufe karɓa a Disamba, karatun kuma shekara 5 zuwa 6 ne. Don Allah kada ka karɓi gurbin da ba tallafi, nemi na DAAD (hukumar Jamus mai ba da tallafin karatu) in Jamus za ka, ko na Commonwealth in Ingila za ka.