Faɗan manoma da masu shanu a Yammacin Amurka: da gaske aka yi?

Tambaya: Malam, ina yawan ganin artabu tsakanin manoma da masu shanu a finafinan kaboyi. Da gaske an yi haka a Amurka? Kuma irin namu ne na manoma da makiyaya?

Amsa: An yi, malam, amma ka cire hoton makiyayi da sandarsa daga ranka. Masu shanun can attajirai ne, wasu ma kamfanoni ne da jarin Turawan Birtaniya, suna sakin dubban shanu a filin gwamnati ba ko sisi. Manomi shi ne baƙo, shi ne talaka. Dokar 1862 ta ba duk wanda ya zauna ya noma fili shekara biyar eka 160, a ƙasar da tun farko ƙwace ta aka yi daga 'yan asalin wurin.

A ganina ruwa ne tushen rigimar. Eka 160 a busasshiyar ƙasa ba ta riƙe gida sai a bakin rafi, wanda ya killace mashaya kuwa ya mallaki dajin da ke kewaye ko da ba nasa ba ne. Da waya mai ƙaya ta Joseph Glidden ta fito a 1874, shinge ya yi araha a filin da babu itace. Manyan ma suka shiga killace filin gwamnati har da hanyoyi. A farin 1883 mutanen Texas suka riƙa fita da dare suna datse waya, sai da majalisar jihar ta mai da hakan babban laifi a 1884.

Mafi muni a Wyoming aka yi. Sanyin 1886 zuwa 1887 ya hallaka garkuna, manya suka huce a kan ƙananan masu fili, suna kiransu ɓarayin shanu. A Afrilun 1892 suka ɗauko 'yan bindiga daga Texas, mutum kusan 50 suka afka gundumar Johnson da jerin sunayen waɗanda za a kashe. Sun kashe wani ƙaramin mai shanu, Nate Champion, da abokinsa Nick Ray, sai mutanen gari suka yi musu ƙawanya. Sojojin da Shugaba Benjamin Harrison ya turo su suka fitar da maharan da rai. Shaidu suka ɓace, gundumar ta kasa biyan kuɗin shari'a, aka sallami maharan duka.